SANIN DUNIYA: Cocin ƙasa na Nabrongo, ya haura shekara ɗari yana tsaye



A ƙasar Damagaram, in mutum ya samu kuɗin gyaɗa ko ya sai da sa, abin da ke fara zo mishi a rai shi ne siminti. Ana cewa ginin ƙasa na talaka ne, ginin siminti na mai hali ne. Ana cewa ƙasa ba ta daɗewa. Wanda ya zaga unguwar Birni bayan damina, ya ga soraye sun zube, zai ce maganar gaskiya ce.

To, wannan wata ga labarin wani gini na ƙasa. Coci ne na Kiristoci ƴan Katolika, a wani ƙaramin gari na arewacin Gana mai suna Nabrongo. An gina shi a 1920. Har yanzu yana tsaye. Ruwan sama na can kuwa ya ninka na Damagaram sau biyu: can ana samun kusan milimetir 1000 a shekara, nan da wuya a kai 500. Yaya aka yi bai faɗi ba? Amsar tana da amfani ga duk mai ɗakin ƙasa, Musulmi ne ko Kirista.

INA NE NABRONGO?

Nabrongo yana can ƙuryar arewa ta ƙasar Gana, dab da iyakar Burkina Faso. A takardun boko ana rubuta sunan Navrongo. Daga garin zuwa Paga, wato bakin iyaka, kamar kilometir 10 ne. Zuwa Bolgatanga, babban garin jihar, kamar kilometir 30. Wagadugu tana arewa da shi, tafiyar ba ta kai kilometir 200 ba.

Mutanen wurin Kasena ne da Nankana. Hausawa na haɗa su da maƙwabtansu, su ce musu Gurunshi. Manoma ne kamar ku. Suna noma gero da dawa da gyaɗa. Suna kiwon shanu da awaki da zabi. Damina ɗaya gare su a shekara, sai hunturu da rani mai tsawo. Itatuwansu kuka ne da kaɗanya da ɗorawa. Ɗan Damagaram in ya je can, dajin ba zai zame mishi baƙo ba.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan yanki. Fataken goro masu zuwa Gwanja da Salaga sun yi shekaru aru-aru suna ratsa arewacin Gana. Sun kafa zango a garuruwa da dama, kamar yadda ake da unguwar Zango a Damagaram. Har yau ana ciniki da Hausa a kasuwannin can. Daddawa ma, mutanen Gana dawadawa suke ce mata, haka kuma suke kiran itacen ɗorawa. Ku riƙe wannan itace a zuciya, za ku sake gamuwa da shi a gaba.

Wurin ya sha wuya kafin zuwan Nasara. A shekarun 1880 da 1890 mayaƙan Zabarmawa, ƙarƙashin Babatu, sun yi ta kai hari ƙasar Gurunshi suna kama bayi. Daga baya Ingilishi suka mallaki yankin, Faransawa suka riƙe abin da ke arewa da shi. Mutanen da suka ga irin wannan, ba abin mamaki ba ne su yi ɗari-ɗari da baƙo.

SU WANE NE SUKA KAWO COCIN?

Kiristoci kashi-kashi ne. Kashin da ya fi yawa a duniya su ne ƴan Katolika. Shugabansu shi ne Paparoma, yana zaune a birnin Roma. Limaminsu ana ce mishi fada, kuma ba ya aure. Shugaban limamai na yanki guda shi ne bishop.

A 1868 wani babban limami Bafaranshe mai suna Lavigerie ya kafa wata ƙungiya a Aljeriya, don aiki a Afirka. Ya umurci mutanensa su koyi harshen duk jama'ar da suka je ma, su ci abincinsu, su yi shiga irin tasu. Suka riƙa sa farar riga da alkyabba irin ta Larabawa. Daga nan aka sa musu suna Fararen Limamai.

A 1901 suka buɗe mishan a Wagadugu. Ba su daɗe ba sai rigima ta tashi can Faransa tsakanin gwamnati da coci. A 1905 aka yi dokar da ta raba su. Limaman Wagadugu suka ji tsoro kada a kore su daga ƙasashen da Faransa ke mulki. Suka ce gara su nemi wurin fakewa a ɓangaren Ingilishi, tun da sauran lokaci.

A watan Afrilu na 1906 mutum uku suka iso Nabrongo: Fada Oscar Morin, da Fada Chollet, da wani mai taimaka musu, Eugène. Morin mutumin Kanada ne, ƙasar da ke ƙarƙashin sarkin Ingila, wannan kuwa ya sauƙaƙa musu zama. Don ku gane zamanin, 1906 ita ce shekarar da Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa, suka kai shi Kwaddibuwa.

Shekarun farko mutane ba su karɓe su da sauri ba. Suka zauna suna koyon harshe, suna ba da magani, suna karantar da yara. A 1907 suka gina ƙaramin ɗakin addu'a. A 1910 suka gina wanda ya ɗan fi shi. Sannu ba ta hana zuwa. Da masu zuwa suka yi yawa, sai aka gina babban cocin a 1920. A lokacin Damagaram ce babban birnin Nijar, don ba a mai da mulki Yamai ba sai 1926.

YADDA AKA GINA SHI

Tsawon cocin metir 60 ne. Faɗinsa metir 14. Metir ɗaya kusan kamu biyu ne, ke nan tsawo kamu 120, faɗi kamu 28. Masu koyon lissafi su gwada: 60 sau 14 ya ba da 840. Wannan shi ne girman filin da aka rufe. A gaba akwai hasumiya mai metir 13, inda aka rataye ƙararrawa. Hasumiyar masallacin Agadas metir 27 ce, wato ta Nabrongo ta kusa rabinta.

Duk wannan da ƙasa aka yi shi. A 1920 siminti da ƙarfe sai an ɗauko su daga bakin teku, tafiyar ɗaruruwan kilometir, hanya kuwa ba kyau. Abin da ke kusa shi ne ƙasa da ruwa da itace da hannun mutane. Da su aka yi aiki.

Kasena suna da nasu salon gini tun kaka da kakanni. Suna ɗora ɗanyar ƙasa da hannu, ɗauri bisa ɗauri, su yi ɗakuna masu kewaye da rufin soro. Limaman suka zo da bulon ƙasa mai kusurwa huɗu, wanda ake bugawa cikin akwatin katako a shanya a rana. Ya bambanta da tubalin Hausa, wanda ake mulmulawa da hannu mai tsinin kai, amma ƙasar ɗaya ce, ranar da ke busar da su ɗaya ce. Aka jera bulo da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka yaɓe shi da ƙasa. Tsarin ginin na Turai ne. Kayan aiki da hannuwan da suka yi shi na Nabrongo ne.

Me ya sa coci ke da tsawo haka? Masallaci yakan yi faɗi, don sahu ya miƙe kowa ya fuskanci alƙibla. Cocin Katolika yakan yi tsawo, daga ƙofa zuwa wani teburi da ke can ƙurya, wanda ake ce ma bagade. Nan fada ke tsayawa, jama'a kuma duk su fuskance shi.

Kowane magini ya san itace ba ya ƙetare metir 14 shi kaɗai. A Birni, in ɗaki ya fi ƙarfin azara, sai a kafa ginshiƙi ko a ɗaure bakan gizo. A Nabrongo ginshiƙai aka kafa, manya-manya na ƙasa, jeri biyu. Suka raba cikin kashi uku: babban fili a tsakiya, da ƙanana biyu dama da hagu. Su ke ɗauke da nauyin sama. Rufin da ke kansa yau na kwano ne mai gangara biyu, ruwa ba ya kwana bisa.

Bango mai kauri yana da wani amfani. Da rana yana shanye zafi, bai bari ya shiga da sauri. Da dare ya sake shi a hankali. Shi ya sa soron ƙasa ke da sanyi da bazara, ya yi ɗumi da hunturu. Wanda ya kwana ɗakin siminti mai siririn bango a watan Afrilu ya san bambancin.

ABIN DA KE CIKI

An sa ma cocin sunan Maryamu, mahaifiyar Annabi Isa. Cikakken sunan yana nufin Uwargida mai Baƙin Ciki Bakwai. A koyarwar Katolika, sau bakwai Maryamu ta sha babban baƙin ciki saboda ɗanta, shi ne suke tunawa.

Akwai abubuwan da ake samu a kowane cocin Katolika, ƙarami ko babba. Akwai bagade, inda ake babbar addu'ar da suke ce ma Misa. Akwai gicciye. Akwai ƙaramin akwati da ake ajiye gurasar ibada, da fitila kusa da shi. Akwai wurin ruwan baftisma, wato wankan shiga addininsu. A jikin bango akan jera hotuna 14 masu nuna wahalar da suka yi imani Annabi Isa ya sha. Ƙararrawa kuwa ita ke kiran mutane, kamar yadda ladan ke kiran salla.

Waɗannan duk ana samunsu a Roma, ana samunsu a Yamai. Abin da ya sa Nabrongo ya fita daban shi ne adon bangonsa.

AIKIN MATA

A Birni maza magina ke yi ma fuskar gida zane. A ƙasar Kasena da Nankana aikin mata ne. Maza su gina, mata su yaɓe su yi ado. Uwa ke koya ma ɗiyarta. Ana yin aikin da rani, bayan an kai amfanin gona gida, mata su taru gayya.

Shekara hamsin cocin ya yi babu irin wannan ado. Sai abubuwa suka sake. Gana ta samu mulkin kai a 1957. Daga 1962 zuwa 1965 bishop-bishop na duniya suka yi babban taro a Roma. Taron ya yarda a yi ibada da harshen kowace jama'a, a kuma shigo da fasaharsu cikin coci. A 1973 aka naɗa ɗan ƙasa, Rudolph Akanlu, bishop na Nabrongo. A cikin waɗannan shekaru na farkon 1970 ne aka kira mata daga ƙauyen Sirigu, waɗanda suka shahara da zane, aka ba su bango da ginshiƙan cocin.

Ga yadda suke aiki. Su kwaɓa ƙasa da kashin shanu, su yaɓe bango. Tun yana ɗanye su ɗora siffofi masu tudu da hannu. Su bi da jar ƙasa. Su goge da santsin dutse har ya yi sumul. Sannan su yi zane da launi uku: ja, da baƙi, da fari. Duka daga ƙasa da duwatsu suke samo su, ba fentin kanti ba. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa. In bango ya bushe ƙarau, ba ya karɓar aiki.

Zanensu daga gida aka ɗauko shi. Akwai siffar ragaya, wadda mace ke rataye ƙorai. Akwai siffar sakaina, don ko ƙwarya ta fashe ba a yar da ita. Akwai dabbobin da suka sani. A coci suka haɗa waɗannan da labarun addinin Kirista, kamar haihuwar Annabi Isa a Baitalami da jibin ƙarshe da ya ci da almajiransa. Mutumin ƙauye in ya shiga, sai ya ga abin da ke bangon ɗakin uwarsa.

Yanzu ga ɗorawa ta dawo. In an gama zane, sai a dafa ɓawon ɗorawa, a tace ruwan, a yayyafa ma bangon. Ruwan ya kama, ya sa bango ya yi ƙarfi da sheƙi, ruwa ba ya shigarsa da sauƙi. Daɓen cocin ma haka aka yi shi: tsakuwa, da kashin shanu, da ɗorawa, aka daɓe. Mene ne wannan in ba makuba ba? Ita ce dai wadda matan Hausawa ke zubawa ranar daɓe, suna buga madaɓi suna waƙa. Tsakanin Magarya da Nabrongo tafiya ce mai nisa, harshe ba ɗaya ba, addini ba ɗaya ba, amma ilmin ɗaya ne.

Duniya ta san darajar wannan aiki na mata. Ƙetaren iyaka, a Burkina Faso, akwai gidan sarautar Cebele na Kasena, mai irin wannan ado. A 2024 hukumar Unesko, mai kula da ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

ME YA SA BAI FAƊI BA?

Ginin ƙasa yana da abokan gaba uku: ruwan da ke zuwa daga bisa, ruwan da ke kwanciya a gindi, da gara. In an tsare kai, an tsare gindi, an sabunta yaɓe, ƙasa tana kai jikoki. Cocin Nabrongo ya tsaya don bai taɓa rasa masu shi ba. Kowane mako mutane na shiga. In rufi ya yi yoyo, a gani. In bango ya tsage, a gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuwa ba su bari tsagar ta girma.

Da ginin ya tsufa, hukumar kula da kayan tarihi ta Gana ta haɗa kai da ƙwararrun ginin ƙasa na wata cibiya mai suna CRAterre, daga garin Grenoble na Faransa, suka yi aikin gyara tare da mutanen gari. A 2000 Gana ta sa cocin cikin jerin wuraren da take so Unesko ta karɓa. A 2006, shekara ɗari cif da zuwan limaman farko, Paparoma ya ba shi muƙamin basilika, wato coci mai daraja ta musamman.

Wani zai ce: ai da an shafe shi da siminti an huta. Ga abin da ya faru a Larabanga, a arewacin Gana ɗin dai. Can akwai wani tsohon masallaci na ƙasa, sananne ƙwarai. A shekarun 1970 aka shafe shi da siminti, da niyyar alheri. Siminti ya hana bango numfashi. Danshi ya shiga bai samu hanyar fita ba. Ƙasa ta ruɓe daga ciki, gara ta ci itatuwan ginin, har wani sashe ya faɗi. A farkon shekarun 2000 sai da aka kankare simintin, aka koma yaɓen ƙasa, sannan masallacin ya tsira.

Dalilin a fili yake. Ƙasa na shan danshi ta kuma sake shi. Siminti ba ya haka. In zafi ya yi, kowanensu da yadda yake motsi, sai simintin ya rabu da bango. Ruwa ya bi ta tsagar ya kwanta a baya, mai gida bai sani ba, don daga waje bangon lafiya lau yake.

A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa ne. Kowace shekara mutanen gari kan fito su yaɓe shi gaba ɗaya. A nan Nijar, a ƙauyen Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. A 1986 masallacin ya ci babbar kyautar gini ta Aga Khan. Coci ne ko masallaci, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

COCIN KATOLIKA NA DAMAGARAM

Bayan ruwa da gara, akwai wani abin da ke kashe gini: hannun mutum. Wannan kuwa Damagaram ta gani da idonta.

Katolika sun shigo Nijar a makare. A 1931 Fada Faroud ya buɗe mishan ta farko a Yamai. Ta Damagaram ta biyo baya, wajen 1940. A 1961 aka naɗa bishop na farko a Yamai, Hippolyte Berlier. A 2001 aka ba Maraɗi nata bishop, Ambroise Ouédraogo, aka sa Damagaram da Tawa da Agadas da Difa ƙarƙashinsa. Kiristoci ƴan kaɗan ne a ƙasar nan. An fi sanin mishan da lakwal da ba da magani. Iyalai da yawa na Musulmi sun sa ƴaƴansu a makarantunta. Fararen Limamai, ƙungiyar da ta gina cocin Nabrongo, sun yi aiki a mishan ta Damagaram ma.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka yi zanga-zanga a Damagaram, saboda zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wata jarida ta Faransa ta buga. Ran Musulmi ya ɓaci, kuma da dalili. Amma fushin ya faɗa kan waɗanda ba su yi zanen ba. Aka sa ma cocin Katolika wuta, da lakwal ɗin mishan, da gidan al'adu na Faransa mai ɗakin littattafai. Mutum biyar suka mutu a Damagaram. Washegari wasu biyar suka mutu a Yamai, aka ƙone coci-coci da dama. Kiristoci ɗaruruwa suka fake a barikin soja. Malamai suka fito suka yi kira a kwantar da hankali, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku.

Abin da aka yi shekaru ana ginawa, wuta ta ci shi a yini guda. Yaran da suka rasa aji, har da ƴaƴan Musulmi. Littattafan da suka ƙone, duk wanda ya sha wahalar koyon baƙi ya san abin da aka yi hasara. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Gini ba ya kai shekara ɗari sai maƙwabta sun bar shi ya kai.

TO, BIRNI FA?

Birni tana da abin da ya girmi cocin Nabrongo. Fadar Sarkin Damagaram ta ƙasa ce, tun tsakiyar ƙarni na 19. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye garin da ganuwa mai kauri. Ganuwar ta zube, sai ɗan abin da ya rage, don da aka daina yaƙi an daina yaɓe ta. Fada kuwa tana nan, don akwai mai ita. Haka gidajen Birni masu zanko da zane a fuska: wanda ake zaune ciki ana gyarawa yana tsaye, wanda magada suka watse suka bari yana komawa tudu. A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Sarki cikin jerin wuraren da take so Unesko ta karɓa, kamar yadda Gana ta yi da Nabrongo.

Mai ɗakin ƙasa, ko a Birni yake ko a ƙauye, ga abin da zai yi tun damina ba ta faɗi ba:

1. Ya hau bisa ya duba rufi. Ya cike rami, ya share indararo, ya tabbata bakinsa ya yi nisa da bango.

2. Ya duba gindin bango. Ya cike inda ruwa ke kwanciya, ya yi dakali ko gangara don ruwa ya gudu.

3. Ya toshe tsaga tun tana ƙarama, da irin ƙasar da aka yi ginin.

4. Ya duba azara saboda gara. Kada a jingina kara ko itace a jikin bango.

5. Kada ya shafa siminti bisa bangon ƙasa. Ya nemi tsofaffin magina da tsofaffin mata, su nuna ma yara yadda ake makuba da laso.

6. Kada a sare ɗorawa da giginya. Inda aka sare ɗaya, a shuka wata. Babu ɗorawa babu makuba, babu giginya babu azara.

Da tsohuwar zuma ake magani.

TAMBAYOYI DON MAKARANTUN YAƘI DA JAHILCI

A wace shekara aka gina cocin Nabrongo? Shekararsa nawa bana?

Wane gini ne ya fi tsufa a garinku? Wa ya gina shi? Wa ke gyara shi?

Mutum nawa suka rage a garinku da suka iya haɗa makuba? Wa suke koya ma?

Ku tattauna a aji. Wanda ya iya rubutu ya rubuto amsar garinsu zuwa ga jarida, da sunan tsohon ginin da shekarunsa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare gidaje da masu gidaje. Sai wata mai zuwa.